Akira Kurosawa: Daraktan Japan da ya koya wa kyamara yin ƙarya

A watan Satumban 1951, wani daraktan finafinai mai shekara 41 ya dawo gida daga kamun kifi a kogin Tama da ke gefen birnin Tokyo, ransa a jagule. Sabon fim ɗinsa ya faɗi warwas, masu sharhi sun yi masa kaca-kaca a jaridu, kamfanin da ya yi alƙawarin ba shi aiki na gaba kuma ya janye. Yana shiga gida matarsa ta tare shi da albishir cewa wani fim da ya yi a shekarar da ta gabata ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na birnin Venice a Italiya.

Shi bai ma san an kai fim ɗin gasar ba. Wata 'yar Italiya mai suna Giuliana Stramigioli, wadda ke dillancin finafinan ƙasarta a Japan, ita ce ta kalle shi ta dage sai an tura shi.

Sunan fim ɗin Rashomon, sunan mutumin kuwa Akira Kurosawa. Kafin wannan rana, mutanen Turai da Amurka ba su san abu mai yawa ba game da finafinan Japan. Bayan ta, sai ga daraktocinsu suna zaunawa suna kwafar darasi daga wurinsa.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan magana harkar fim ta ginu. Abin da kyamara ta nuna, mai kallo ya yarda ya faru. Kurosawa ya zo ya nuna kisan kai guda ɗaya sau huɗu, kowanne mai kallo ya gani da idonsa, kowanne ya ƙaryata sauran ukun, sannan ya tashi fim ɗin bai ce ga na gaskiya ba.

Yayan da ya hana shi kawar da kai

An haifi Akira Kurosawa ranar 23 ga Maris, 1910, a Tokyo. Shi ne auta a cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinsa, Isamu, jinin samurai ne, wato baraden Japan na zamanin da, kuma malamin motsa jiki ne a wata makarantar soja. Mutum ne mai tsauri, amma yana ganin fim a matsayin hanyar ilimi, shi ya sa yakan kwashi iyalinsa ya kai su sinima a lokacin da iyaye da yawa ke kallon wurin a matsayin matattarar banza.

Wanda ya fi kowa tasiri a kan yaron shi ne yayansa Heigo, da ya girme shi da shekara huɗu.

Ranar 1 ga Satumba, 1923, girgizar ƙasa ta afka wa Tokyo da kewaye, gobara ta biyo baya, mutum sama da 100,000 suka mutu. Da wuta ta lafa, Heigo ya ja ƙanen nasa mai shekara 13 suka shiga cikin kangon birnin da ƙafa. Gawawwaki a kan titi, gawawwaki a cikin kogi. Duk lokacin da Akira ya juya fuska, yayan sai ya tilasta masa ya duba da kyau. Hujjarsa ita ce abin da mutum ya rufe ido a kansa shi ke ci gaba da firgita shi. Wanda ya kalli yadda Kurosawa ke ɗaukar filin yaƙi bayan an gama gumurzu zai ga wannan yini a ciki.

Heigo ya zama benshi. A wancan zamani finafinai ba su da murya, don haka gidajen sinima na Japan kan ɗauki mutum ya tsaya a gefen allo yana ba da labarin, yana kwaikwayon muryar kowane ɗan wasa, yana ƙara gishiri inda ya ga dama. Wasu benshi sun fi jaruman fim ɗin suna, saboda su mutane ke sayen tikiti. Duk wanda ya saba da finafinan Indiya da aka fassara zuwa Hausa ya san yadda bakin mai fassara ke iya gyara fim ko ya ɓata shi. Aikin benshi ya yi kama da wannan, sai dai shi a gaban jama'a yake yi, babu damar sakewa.

A ɗakin wannan yaya Akira ya zauna na wani lokaci, ya kalli finafinan Rasha da Jamus da Faransa da Amurka, ya karanta littattafan Dostoevsky da Tolstoy. A nan ya fara lura cewa hoto ɗaya kan iya ɗaukar ma'ana biyu, ya danganta da wanda ke ba da labarin.

Sai finafinai masu murya suka iso, sana'ar benshi ta mutu. A watan Yulin 1933 Heigo ya kashe kansa yana da shekara 27. Bayan wata huɗu babban yayansu ma ya rasu, Akira ya zama shi kaɗai ne ɗa namiji da ya rage a gidan.

Daga zane zuwa fim

Burinsa na farko shi ne ya zama mai zane. Zanen bai ciyar da shi ba. A 1935 wani sabon kamfanin fim mai suna P.C.L., wanda daga baya ya zama Toho, ya yi tallar neman mataimakan darakta, ya ce masu nema su rubuto abin da suke ganin shi ne babbar matsalar finafinan Japan da yadda za a gyara. Kurosawa ya rubuta, aka kira shi, aka ɗauke shi a watan Fabrairun 1936.

Ya yi kimanin shekara biyar a ƙarƙashin darakta Kajiro Yamamoto, wanda ya ɗora shi a kan abu biyu: rubuta labari da tace fim. Har ƙarshen rayuwarsa bai saki ko ɗaya ba. Yana cikin marubutan kowane fim da ya yi, kuma da hannunsa yake yanka yana haɗawa, sau da yawa a daren ranar da aka ɗauka.

Fim ɗinsa na farko, Sanshiro Sugata, labarin wani matashi mai koyon kokawar judo, ya fito a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Masu tace finafinai na gwamnatin soja sun so su hana shi fita bisa zargin ya yi kama da na Turawa, sai da babban darakta Yasujiro Ozu ya sa baki. A 1944 kuma ya yi fim na farfagandar yaƙi a kan 'yan matan da ke aiki a wata masana'anta. Ba abin alfahari ba ne, shi kansa daga baya bai ɓoye cewa bai yi wa mulkin soja tirjiya ba. Abin da ya tsira da shi daga wannan fim shi ne mata: jarumar, Yoko Yaguchi, wadda ta riƙa yi masa gardama a wurin ɗauka, ita ya aura a 1945.

A 1948 ya fara aiki da wani matashin ɗan wasa mai zafin nama, Toshiro Mifune. Finafinai 16 suka yi tare.

Shaidu huɗu, gawa ɗaya

Rashomon ya fito a watan Agustan 1950, tsawonsa minti 88. An gina shi a kan gajerun labarai biyu na marubuci Ryunosuke Akutagawa, kuma Kurosawa ya rubuta shi tare da Shinobu Hashimoto.

Ana sheƙa ruwan sama. Mutum uku sun fake a ƙarƙashin wata rusasshiyar ƙofar gari ta tsohon birnin Kyoto: mai saran itace, wani malamin addinin Buddha, da wani talaka mai bakin tsiya. Biyun farko sun dawo daga kotu, abin da suka ji ya ɗaure musu kai. Wani samurai da matarsa suna ratsa daji, ɗan fashi mai suna Tajomaru ya yaudari mijin ya ɗaure shi, ya yi wa matar fyaɗe, daga baya aka tsinci gawar mijin. Iyakar abin da aka yi ittifaƙi a kai ke nan.

Ɗan fashin ya ce shi ya kashe shi, a faɗa na maza, bayan ya kwance shi ya ba shi takobi, sun haɗa takubba sau 23. Matar ta ce ɗan fashin ya tafi ya bar su, mijinta ya riƙa yi mata kallon ƙyama, ta matsa kusa da shi da wuƙa a hannu, ta suma, ta farfaɗo ta ga wuƙar a ƙirjinsa. Mamacin ma an ji ta bakinsa ta hanyar wata mata mai hawan iska irin na 'yan bori, ya ce matar ce ta nemi ɗan fashin ya kashe shi, baƙin ciki ya sa shi ya caka wa kansa wuƙa.

A kotun da aka saba gani, kowa gudun laifi yake yi. A nan kowa jan kisan yake yi zuwa kansa. Ɗan fashi ya gwammace a rataye shi da a ce ya ji tsoro. Matar ta gwammace ta zama mai kisa da a ce ta ci amana. Mijin, duk da yana kabari, ya gwammace a ce da hannunsa ya mutu da a ce wani ɓarawon daji ya kayar da shi. Ba don tsira da rai suke ƙarya ba, don tsira da mutunci ne, kuma da alama kowannensu ya riga ya yarda da ƙaryar tasa.

Sai mai saran itace ya furta cewa shi ma ya ga komai daga ɓoye. A nasa labarin, mazan biyu babu mai son faɗa, matar ce ta zuga su da gori, suka tunkari juna jiki na rawa, suna faɗuwa, suna rarrafe, takobi na suɓucewa. Kurosawa ya ɗauki faɗa guda sau biyu ke nan: sau ɗaya da kiɗa da ƙwarewa, sau ɗaya babu kiɗa, sai haki da tuntuɓe. Mai kallo ya fara sakin jiki cewa ga gaskiya ta fito daga bakin wanda ba shi da hannu. Jim kaɗan bayan haka talakan nan ya tambayi ina wuƙar matar mai tsada ta shiga, sai mai saran itacen ya sunkuyar da kai.

Akwai wata dabara a zaman kotun da ba kowa ke lura da ita a kallon farko ba. Ba a taɓa nuna alƙali, ba a kuma jin muryarsa. Shaidu suna zaune a ƙasa suna fuskantar kyamara, suna amsa tambayoyin da ba wanda ya ji an yi. Wato mai kallo aka ɗora a kujerar alƙali, aka bar shi da shari'ar.

Mai ɗaukar hoto Kazuo Miyagawa ya ƙara nasa. Ya ɗaga kyamara ta kalli rana kai tsaye ta tsakanin ganyaye, abin da masu sana'ar ke gudu a lokacin. Ya yi amfani da madubi yana jefa hasken rana a fuskokin 'yan wasa, inuwar ganye na rawa a kai, ta yadda fuska ba ta cika fitowa sarai. Ruwan saman da aka yi da bututun 'yan kwana-kwana bai fito a hoto ba, sai aka zuba masa baƙar tawada.

Tun kafin a fara ɗauka, mataimakansa uku sun same shi suka ce ba su fahimci labarin ba. Shugaban kamfanin Daiei da ya biya kuɗin ma bai ga kansa ba, ko da yake bayan kyautar Venice ya fito yana karɓar yabo. A 1952 fim ɗin ya samu lambar girmamawa ta Oscar. A yau lauyoyi da 'yan jarida da masana halayyar ɗan Adam na amfani da sunan Rashomon wajen kwatanta yanayin da shaidun gani da ido suka ba da labarai masu karo da juna.

Ƙarshen fim ɗin ne wasu masu sharhi ba su gamsu da shi ba. An tsinci jariri da aka yasar a ƙofar, mai saran itace mai 'ya'ya shida ya ɗauke shi zai riƙe, ruwa ya tsaya. Suna ganin an lallashi mai kallo ne bayan an gama rikita shi. Ƙorafin yana da kan gado, sai dai a tuna cewa wanda ya ɗauki jaririn shi ne wanda aka kama da ƙarya mintuna kaɗan kafin nan.

Jarumin da ya mutu fim bai ƙare ba

A 1952 ya sake ɗauko wannan tambaya ta wa ke ba da labari, a cikin Ikiru, kalmar da ke nufin rayuwa. Fim ɗin ya buɗe da hoton cikin wani mutum da aka ɗauka a asibiti, murya na sanar da mai kallo cewa wannan mutum yana da ciwon daji amma bai sani ba tukuna. Tun a minti na farko an kashe tambayar ko zai mutu. Abin da ya rage shi ne me zai yi kafin nan.

Mutumin shi ne Watanabe, shugaban wani sashe a ofishin hukumar birni, shekara 30 yana buga hatimi a kan takardu. Wasu mata sun kawo kuka a kan wani kududdufi da ke sa wa 'ya'yansu cuta, aka riƙa tura su daga wannan tebur zuwa wancan har suka dawo inda suka fara. Duk wanda ya taɓa bin fayil a ma'aikatar gwamnati ba ya buƙatar fassara a wannan wuri.

Da Watanabe ya gane kwanansa ya ƙare, ya gwada shaye-shaye da yawon dare, bai samu komai ba. Sai ya tuna da takardar matan nan, ya ɗauki hularsa ya fita. A daidai nan, fim ya kai wajen kashi biyu cikin uku, Kurosawa ya yanke. Hoto na gaba, zaman makokin Watanabe ne, wata biyar sun wuce.

Wani daraktan da ya bi shi ofis-ofis yana nuna gwagwarmaya har zuwa nasara. Kurosawa ya bar abokan aikinsa su ba da labarin, suna zaune suna shan giya a gaban hotonsa. Mataimakin magajin gari ya ce aikin gina filin wasan yara a wurin kududdufin nasa ne. Ma'aikata suka gyaɗa kai. Sai matan unguwar suka shigo suna kuka na gaske, manya suka sulale. Daga nan kowa ya fara tuno ɗan abin da ya gani, guntu-guntu, har suka gano da kansu cewa mutumin ya san yana mutuwa. Wani ɗan sanda ya kawo hularsa, ya ce ya gan shi a daren ƙarshe zaune a kan lilo cikin dusar ƙanƙara yana waƙa. Cikin maye suka yi rantsuwa za su yi koyi da shi. Da aka koma ofis, aka kawo sabon kuka, sabon shugaban sashe ya tura shi wani tebur.

Samurai bakwai da taswirar ƙauye

Fim ɗin da ya fi yi masa suna, Seven Samurai, wato Samurai Bakwai, ya fito a watan Afrilun 1954. Shi da marubuta biyu, Hashimoto da Hideo Oguni, sun kulle kansu a wani masauki kwana 45 suna rubutu. An yi kwana 148 ana ɗauka, a tsawon kusan shekara guda, kuma babu fim ɗin Japan da ya taɓa cin kuɗi kamarsa kafin lokacin. Tsawonsa minti 207.

Labarin gajere ne. Ƙauyen manoma ya samu labarin cewa 'yan fashi 40 za su dawo bayan girbi. Ba su da kuɗi, sai suka tafi neman samurai masu jin yunwa da za su yi yaƙi a bakin shinkafa sau uku a rana, su kuma masu ƙauyen su koma cin gero.

Kusan sa'a guda ta farko ta tafi ne wajen tara mutanen bakwai, kuma kowanne da aikinsa aka gabatar da shi. Jagoransu Kambei, an fara ganinsa yana aske kansa, abin kunya ga samurai, don ya yi shigar malamin addini ya ceto yaron da ɓarawo ya yi garkuwa da shi. Ba sai wani ya ce mutumin kirki ne ba. Wannan salo na tara gwanaye ɗaya bayan ɗaya domin aiki mai haɗari ya zama ruwan dare a finafinan duniya.

Abin da ya fi wuyar kwaikwayo shi ne yadda mai kallo ba ya ɓata a cikin yaƙin. Kambei ya zagaya ƙauyen da taswira, gabas da yamma, kudu da arewa: nan za a yi shinge, nan za a cika da ruwa, nan za a cire gada, nan za a bar ƙofa a buɗe da gangan. Ya zana da'ira 40 a takarda, duk ɗan fashin da ya faɗi sai a soke ɗaya. Lokacin da aka kai ga karon ƙarshe cikin ruwa da taɓo, da dawakai na zamewa, mai kallo ya san inda kowa yake da adadin da ya rage. An ɗauki wannan yaƙi da kyamarori da yawa a lokaci guda, daga nesa, cikin sanyin hunturu, don kada 'yan wasa su san wadda ke kallonsu.

Bai kuma mayar da manoman waliyyai ba. An gano suna ɓoye da sulke da masu da suka kwashe daga samurai da suka kashe a baya. Kikuchiyo, wanda Mifune ya fito a matsayinsa, ɗan manoma ne mai ƙaryar shi samurai ne, shi ya tashi ya zage manoman tas, sannan ya juya ya ɗora laifin a kan mayaƙan da suka saba ƙone musu gidaje da kwashe musu amfanin gona. Samurai huɗu suka mutu, dukkansu da harbin bindiga, ba da takobi ba. A ƙarshe manoma na dashen shinkafa suna waƙa, ukun da suka rage suna tsaye gaban kaburbura babu mai kula su.

Amurkawa sun mayar da shi fim ɗin kaboyi, The Magnificent Seven, a 1960. A Indiya kuma, Sholay na 1975, wanda masu kallo a ƙasar Hausa suka haddace, inda aka ɗauko Amitabh Bachchan da Dharmendra su kare ƙauye daga Gabbar Singh, a kan wannan turba ya taka. A 2018 sashen al'adu na BBC ya tambayi masu sharhi 209 daga ƙasashe 43, suka zaɓi Seven Samurai a matsayin fim mafi girma da aka yi da wani harshe ba Turanci ba.

Shekaru goma da suka biyo baya, kusan duk abin da ya taɓa sai wani ya ara. The Hidden Fortress na 1958 ya ba da labarin gimbiya da janar ta idon wasu talakawa biyu matsorata, George Lucas ya ɗauki dabarar ya ba mutum-mutumi biyu a Star Wars. Yojimbo na 1961 kuwa, inda baƙo ya shigo gari ya ga kare ɗauke da hannun mutum a baki, Sergio Leone ya kwafe shi ba izini ya yi A Fistful of Dollars da Clint Eastwood, aka kai ƙara, aka sasanta da biyan Kurosawa kaso daga kuɗin da fim ɗin ya samu. A High and Low na 1963, masu garkuwa sun yi kuskure sun sace ɗan direba maimakon ɗan mai gida, kuma kusan sa'a guda kyamara ba ta bar falon attajirin ba, yana auna dukiyarsa da ran ɗan wani.

Shi ma mai aro ne. Ya mayar da Macbeth na Shakespeare labarin samurai a 1957, inda aka harbi wajen da Mifune ke tsaye da kibau na gaske don tsoron ya fito a fuskarsa.

Faɗuwar Sarki

A wurin aiki ana yi masa laƙabi da Tenno, wato Sarki, kuma ba kullum yabo ake nufi ba. Yana iya tsayar da ɗauka kwanaki yana jiran irin gajimaren da yake so. Red Beard na 1965 ya ci kusan shekara biyu, kuma daga shi bai sake aiki da Mifune ba. A gida wasu na cewa finafinansa don Turawa yake yi, matasan daraktoci na ganin zamaninsa ya wuce. Akwai kuma sukar da ba ta rasa tushe ba, cewa duniyarsa ta maza ce, mata kaɗan ne ya ba cikakken matsayi.

Talabijin ma ta shigo ta kwashe 'yan kallo. A 1958 an sayar da tikiti sama da biliyan ɗaya a sinimomin Japan, zuwa 1970 abin bai kai kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Kamfanoni suka daina zuba kuɗi a hannun mai tsada irinsa.

Ya juya Hollywood. Kamfanin 20th Century Fox ya ɗauke shi ya jagoranci ɓangaren Japan na Tora! Tora! Tora!, fim a kan harin Pearl Harbor, amma a watan Disamban 1968, bayan kimanin mako uku da fara ɗauka, aka sallame shi, aka yi ta yaɗa cewa ba shi da lafiya. Fim ɗinsa na farko mai kala, Dodes'ka-den na 1970, bai yi kasuwa ba. Ranar 22 ga Disamba, 1971, Kurosawa ya yi yunƙurin kashe kansa a gidansa. An ceto shi. Yana da shekara 61.

Mutumin da ya yi finafinai 23 tsakanin 1943 da 1965 ya koma yin ɗaya duk shekara biyar, kuma kusan kowanne da tallafin waje. Tarayyar Sobiyet ce ta fara miƙa masa hannu, ya tafi dazukan Siberiya ya yi Dersu Uzala a 1975, wanda ya ci Oscar na fim ɗin harshen waje. Da ya rasa mai biyan kuɗin Kagemusha, sai ya koma sana'arsa ta farko, ya zauna yana zana fim ɗin hoto bayan hoto da fenti, don ko bai samu yi ba a ga abin da ya nufa. Lucas da Francis Ford Coppola suka sa baki, kamfanin Fox ɗin da ya kore shi ya saka kuɗi, fim ɗin ya ci babbar kyautar Cannes a Faransa a 1980. Labarinsa ma na ƙarya ne: ɓarawo mai kama da sarki da aka sa ya zauna a gadon sarautar bayan sarkin ya mutu.

Ran na 1985, da kuɗin wani furodusa na Faransa, Serge Silberman, ya ɗauko King Lear na Shakespeare ya mayar da 'ya'ya mata uku maza uku. An gina fada a gangaren Dutsen Fuji aka ƙone ta a gaban kyamara. A tsakiyar wannan yaƙi Kurosawa ya ɗauke duk wata ƙara, babu ihu, babu sukuwar doki, sai kiɗan Toru Takemitsu a kan jini da hayaƙi, har sai da harbin bindiga guda ya dawo da sauti. Ana cikin wannan aiki matarsa Yoko ta rasu a watan Fabrairun 1985, bayan shekara 39 da aure.

Ya rubuta tarihin rayuwarsa, wanda ya fito da Turanci a 1982, amma ya tsayar da shi a kan Rashomon. Dalilin da ya bayar shi ne darasin fim ɗin ya hau kansa shi ma: bai amince zai iya faɗin gaskiya a kan kansa ba, don haka mai son sanin sauran ya duba finafinan.

A 1990 Lucas da Steven Spielberg suka miƙa masa Oscar na girmamawa. Ya ƙara finafinai uku, na ƙarshe Madadayo a 1993, suka cika 30. A 1995 ya zame ya ji rauni a ƙashin baya, ya koma kan keken guragu. Mifune ya rasu a watan Disamban 1997. Kurosawa ya bi shi ranar 6 ga Satumba, 1998, sakamakon shanyewar jiki, a unguwar Setagaya ta Tokyo, yana da shekara 88.

Ya bar wani labari da ya rubuta bai samu ɗauka ba, mai suna After the Rain. Tsohon mataimakinsa Takashi Koizumi ya tara ma'aikatan da suka saba aiki da shi suka yi fim ɗin, ɗan Mifune, Shiro, na cikin 'yan wasan. An nuna shi a bikin Venice na 1999.